Lissafin abinci da allurar insulin: yaya za a yi da tuwo, kunu da fura?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 16, nauyinsa kilo 50, kuma shekara biyu ke nan da aka gano yana da ciwon suga nau'i na ɗaya. Yana yin allurar Mixtard 30, yunit 26 da safe, 14 da yamma. Sugansa ba ya zama wuri ɗaya, yau 55, gobe 340. Na ji an ce a ƙasashen waje ana lissafa abinci ne a yi allura daidai da shi, amma duk misalan da na gani na abincin Turawa ne. Yaya za mu yi da tuwo da kunu da fura? Sannan yana ta nacin sai ya yi azumi bana.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Abin da kika ji gaskiya ne, kuma ana yin sa da tuwo kamar yadda ake yi da burodi. Sai dai kafin mu shiga madafa akwai maganar da ta riga wannan: allurar da yake yi yanzu ba ta karɓar irin wannan lissafi. Idan kika fara ƙara Mixtard kina ragewa gwargwadon abin da ya ci, hawa da saukar da kike kuka da su ƙaruwa za su yi.

Ga dalili. Jikin mai lafiya yana fitar da insulin ta hanya biyu. Akwai ɗan kaɗan da ke ɗiga cikin jini dare da rana, ko an ci ko ba a ci ba, saboda hanta ba ta daina sakin suga. Akwai kuma mai yawa da fankiriyas, wato sashen cikin ciki da ke samar da insulin, ke saki lokaci guda da zarar abinci ya shiga ciki. A jikin ɗanki duka biyun sun tsaya, allura ce ke yin aikinsu. Shi Mixtard 30 an haɗa iri biyu ne a kwalba ɗaya: kashi 30 cikin ɗari mai saurin aiki, kashi 70 mai jinkiri. Wato yunit 26 ɗin safe, kusan 8 ne na karin kumallo, 18 kuma na sauran yini. Kamar shayin da mai shayi ya riga ya haɗa ne, duk kurɓin da kika ƙara da madarar da sugan tare suke ƙaruwa. A ce yau karin kumallon ya yi nauyi kika ƙara yunit 6. Wanda zai yi aiki a kan abincin bai kai yunit 2 ba. Sauran huɗu da ɗoriya mai jinkiri ne, ƙarfinsa yana kaiwa ƙoli bayan awa 4 zuwa 10, daidai tsakanin hantsi da la'asar, lokacin da yaron yake aji ko filin ƙwallo. A nan ake samun 55. Na yamma kuma, idan an yi shi wajen magariba, tsakar dare yake ƙarfi, ya yi sanyi kafin gari ya waye, sai a tashi da suga a sama.

Saboda haka mai yin Mixtard shi ma yana lissafa abinci, amma manufarsa daban ce. Yana lissafawa ne don ya riƙa cin adadi ɗaya a lokaci ɗaya kullum, abincin ya bi allurar. Karin kumallo mai giram 60 na sitaci da suga yau, giram 60 gobe, ko da yau koko ne gobe burodi. Abincin rana kada ya wuce lokacinsa, sannan a ɗan taɓa wani abu da hantsi da kuma kafin kwanciya. Wannan kaɗai yana rage rikicewar suga sosai, kuma za ki iya farawa gobe ba tare da kin taɓa yawan allurar ba.

Wanda kika ji ana yi, inda allura ke bin abinci, yana buƙatar a raba insulin ɗin gida biyu. Ɗaya mai dogon zango, irin su Lantus, sau ɗaya a yini, shi ne ke riƙe jiki tsakanin abinci da cikin dare. Ɗayan mai saurin aiki, irin su NovoRapid ko Humalog ko Apidra, ana yin sa duk lokacin cin abinci. Idan kuɗin waɗannan ya yi yawa, akwai hanya ta tsakiya da mutane ke rainawa alhali tana aiki: Insulatard safe da dare, da Actrapid kafin kowane abinci. Ta fi araha, kuma ana lissafi da ita.

Wannan tsari ba kwalliya ba ne. A 1993 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, mai suna DCCT, a kan mutum 1,441 masu irin ciwon ɗanki. Waɗanda aka sa a tsarin allura uku ko fiye a yini tare da yawan awo, haɗarin kamuwa da lalacewar ido ya ragu musu da kashi 76 cikin ɗari, na ƙoda da jijiyoyi ma ya ragu ƙwarai. Amma binciken nan ya nuna wani abu da ba a cika faɗa ba: faɗuwar suga mai tsanani ta ninka kusan sau uku a cikinsu. Shi ya sa nake cewa wannan tsari ba na wanda ba ya awo ba ne. Allura huɗu ce a yini, awo aƙalla huɗu, kuma kin san tsadar tsinken awo. Idan aljihu ba zai ɗauki awo huɗu kullum ba, ni na fi son yaro ya zauna a kan allura mai tsayayyen adadi da abinci mai tsayayyen adadi, da a ce yana lissafi a makance. Ku zauna da mahaifinsa ku duba wannan tukuna. Sauya allurar kuwa aikin likitan da ke duba shi ne, domin sau da yawa akan rage jimillar yunit a farkon sauyi, musamman ga wanda sugansa ke faɗuwa.

To mu shiga madafa.

Abin da ake ƙirgawa shi ne kabohaidiret, wato sitaci da sugan da ke cikin abinci, domin shi ne ke komawa suga a jini cikin awa ɗaya zuwa biyu. Nama, kifi, ƙwai da mai ba a ƙirga su. Miyar kuka, kuɓewa, karkashi, alayyafo da zogale, abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Hatsi da duk abin da aka yi da shi, doya, dankali, rogo, wake, 'ya'yan itace, madara da nono, zuma, rake, lemun kwalba, su ne abin lissafi.

Matsalar tuwo ita ce ruwa. Malmala biyu masu girma ɗaya, ɗaya an tuƙa ta da tauri ɗaya da laushi, ba ɗaya suke ba. Shi ya sa duk lambar da wani zai ba ki ya ce ta malmala ɗaya ce, ta gidansu ya faɗa miki. Ruwa ba shi da kabohaidiret, garin ne ke da shi, don haka garin za a auna. Ki nemi ƙaramin sikelin madafa mai batir, irin na masu yin kek. Bayan na'urar awon suga, babu kayan aikin da ya kai shi amfani a gidanku.

Garin masara, dawa, gero da alkama, kowane giram 100 yana ɗauke da kabohaidiret giram 70 zuwa 75. Ɗanyar shinkafa kusan 80. Garin kwaki 80 ko ya ɗan ɗara. Busasshiyar taliya kusan 75, busasshen wake kusan 60. Yanzu a ce za ki tuƙa tuwon dare. Ki auna duk garin da zai shiga tukunya, da na talge da na tuƙi, ya zo giram 800. Kashi uku cikin huɗu na 800 shi ne 600, wannan ne kabohaidiret ɗin tukunyar gaba ɗaya. Idan kika kwashe malmala 12 masu girma ɗaya, kowace giram 50 ke nan. Idan malmalar ba ta zo daidai ba, ki ɗora tuwon duka a sikeli. A ce ya zo kilo 3: kowane giram 100 na tuwonki yana da giram 20. Daga ranar, duk abin da za a zuba wa yaron sai a ɗora a sikeli a ɗauki kashi ɗaya cikin biyar. Hannun mai tuƙi ba ya cika canzawa, in kika maimaita awon 'yan lokuta kika ga lambar tana dawowa, ta zama ta gidanku. In wata ce ta karɓi girki, a sake awo.

Haka ake yi wa masa. Shinkafa giram 500 tana ba da 400, sugan da aka zuba a ƙullu, a ce cokalin cin abinci uku, ya ƙara kusan 40. Idan tanda ta fitar da masa 25, kowace tana da giram 17 zuwa 18. Wanda ya ci biyar ya kusa giram 90, alhali a ganinsa ɗan taɓawa ya yi. Ƙosai da alale, a auna waken kafin a jiƙa. Kunu da koko, a auna geron kafin a jiƙa shi, a raba da yawan kofin da aka samu. Lambar za ta ɗan fi gaskiya yawa saboda abin da ke fita a dusa wajen tacewa, amma ta isa a fara da ita. Sugan da aka zuba daban ake ƙirga shi: cokalin shayi ɗaya giram 4, ƙwayar suga mai kusurwa kusan 5.

Fura ta fi wuya idan saye ake yi, domin curin wannan mai fura ba na waccan ba ne. Ko dai a yi ta a gida a auna geron, ko a tsaya ga mai fura ɗaya, a riƙa dama adadi ɗaya, a bar na'urar awo ta nuna yadda take yi masa. Nonon kansa yana da giram 4 zuwa 5 a kowane mililita 100. Ki kuma lura cewa abin sha ya fi abin tauna saurin shiga jini. Kabohaidiret giram 50 na kunu mai suga ya fi kabohaidiret giram 50 na alale saurin ɗaga suga nesa ba kusa ba, ko da yake allurarsu ɗaya ce a lissafi.

Waɗanda ba su da rikicin ruwa sun fi sauƙi. Dafaffiyar shinkafa giram 28 ce a kowane 100, dafaffiyar doya kusan 27, dankali kusan 20, dafaffen wake kusan 20, burodi kuwa rabin nauyinsa. Lemun zaƙi madaidaici giram 15, ayaba madaidaiciya kusan 25, kankana giram 8 kacal a 100 amma ba a cin ta kaɗan. Dabino kashi uku cikin huɗu na nauyinsa kabohaidiret ne, ƙanana uku sun kai giram 15, manyan nan masu laushi kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kai hakan. Coca-Cola ta kwalba mai santilita 35 tana da giram 37, ta roba mai 50 tana da 53. Abin da ya zo a leda ko kwali, a duba layin da aka rubuta "Carbohydrate", ko "Glucides" a kayan Nijar, ba layin suga kaɗai ba, sannan a duba ko lambar ta giram 100 ce ko ta ledar gaba ɗaya.

Bari in tsaya a kan tuwon alkama da acca, don na san an riga an faɗa miki su ne abincin masu suga. Kabohaidiret ɗinsu kusan ɗaya ne da na masara. Alkamar da ba a cire mata dusa ba tana ɗan jinkirta hawan suga, amma yawan abin da ya shiga jini bai canza ba. Ana kashe kuɗi a saya, yaro ya ci malmala biyu da sunan magani, suga ya tashi a rasa dalili. Zuma ma haka. Tana da amfaninta, amma cokalin cin abinci ɗaya giram 17 ne, kuma dole a ƙirga shi. Ɗanki yana tsakiyar girma, yana buƙatar ƙoshi. Ba hana shi tuwon gidansu ne magani ba, sanin yawan abin da ya ci ne. Abu ɗaya da dole ya canza shi ne cin abinci a tire ɗaya da 'yan uwansa. Ya zauna tare da su, amma a zuba masa nasa daban.

Kada wannan ya tsorata ki, ba lissafin banki ba ne. An gwada a kan yara a Ostiraliya, aka ga kuskuren giram 10 sama ko ƙasa a abinci mai giram 60 bai cika canza sakamako ba, amma na giram 20 yana canzawa. Bayan 'yan makonni ana awo, yaron zai iya kallon faranti a gidan biki ya ƙiyasta. Ido ba mudu ba, amma ya san kima, in dai an horar da shi da sikeli tukuna.

Yanzu allurar. Lambobi biyu likita zai ba ku, bayan adadin mai dogon zango. Ta farko, lambar abinci: yunit ɗaya yana ɗaukar giram nawa. Ta biyu, lambar gyara: yunit ɗaya yana sauke suga da nawa. Hanyar da ake ƙiyasta su a farko ita ce a tara duk yunit ɗin da mutum ke yi a yini. Na ɗanki 40 ne. A raba 500 da 40, a samu 12 da rabi, wato yunit ɗaya ga kusan giram 12. A raba 1800 da 40, a samu 45, wato yunit ɗaya yana sauke suga da kusan 45. Idan Actrapid ne, 450 da 1500 ake rabawa, sai a samu kusan 11 da 37. Duk wannan a ma'aunin mg/dL ne, irin wanda kika kawo lambobinki da shi. Mai na'urar da ke nuna mmol/L, kamar yadda aka fi yi a Gana da wasu asibitocin Najeriya, sai ya ninka da 18 ya samu mg/dL, kuma lambar gyararsa 100 zai raba da jimillar yunit. A Nijar g/L aka fi rubutawa, 1.20 shi ne 120.

Ga yadda dare ɗaya zai kasance. Ya auna kafin abinci ya samu 210. Inda ake so ya tsaya, a ce 120. Zai ci malmala ɗaya da rabi ta tuwonki, giram 75, da lemun zaƙi ɗaya, 15, jimilla 90. Na abinci: 90 a raba da 12, yunit 7 da rabi. Na gyara: 210 a cire 120 saura 90, a raba da 45, yunit 2. Duka 9 da rabi. Da yake dare ne barci zai biyo baya, 9 zan ce a yi, ba 10 ba. Da a ce 75 ya samu maimakon 210, gyaran ragi zai zama, a cire yunit ɗaya daga na abincin. Da kuma ƙasa da 70 ne, ba a maganar allura sai an fara ɗaga sugan.

Waɗannan lambobi na misali ne, kuma ko wanda likita ya bayar mafari ne kawai. Jimillar 40 ɗin nan an samo ta ne daga tsarin da bai daidaita ba, ƙila ta yi masa yawa, ƙila ta yi kaɗan. Na'urar awo ce alƙali. Ana fara gwada mai dogon zango: ya kwanta da suga mai kyau, aƙalla awa huɗu bayan allurar abinci, a auna wajen ƙarfe uku na dare, a auna da asuba. Idan bambancin bai wuce 30 ba sama ko ƙasa, ya zauna daidai. In bai zauna ba, duk lissafin abincin da za a ɗora a kai karkacewa zai yi. Sannan a gwada lambar abinci, a ranar da suga yake daidai kafin ci, da abincin da aka tabbatar da awonsa. Bayan awa biyu ana son ya kasance ƙasa da 180, bayan awa huɗu ya dawo kusa da inda ya tashi. Idan kwana uku a jere yana ƙarewa a sama, a matse lambar, daga 12 zuwa 10. Idan yana faɗuwa, a sassauta zuwa 15, kuma wannan ba a jira kwana uku. A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kada ki yi mamaki idan ta safe ta bambanta da ta dare, yawancin mutane sun fi buƙatar insulin da safe. Shekarun balaga ma suna ƙara buƙata, lambar bana ba lallai ta yi baɗi ba.

Akwai abubuwan da ke ɓata lissafi ko da an yi shi daidai, kuma su ne suka fi kawo mutane asibiti suna cewa tsarin ba ya aiki.

Lokacin allura shi ne kan gaba. NovoRapid da 'yan uwansa ana yin su minti 10 zuwa 15 kafin a fara ci, Actrapid minti 30. Wanda ya yi bayan ya ƙoshi, abincin ya riga allurar shiga jini, suga ya tashi, daga baya allurar ta zo ta tarar ba abinci ta kayar da shi. Actrapid kuma yana daɗewa awa 6 zuwa 8, shi ya sa mai yin sa yakan buƙaci ɗan abin taɓawa tsakanin abinci.

Sai tara allura kan allura, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro a hannun uwa mai kula. An yi allura, bayan awa ɗaya da rabi kin auna kin ga 260, hankalinki ya tashi, kin ƙara yunit 3. Alhali ta farkon ba ta gama aiki ba, mai sauri yana kai awa 3 zuwa 5 a jiki. Su biyun sai su haɗu a gaba. Kada a yi gyara sai an samu aƙalla awa huɗu daga allurar baya, sai dai in likita ya tsara wani abu daban don ranar rashin lafiya.

Abinci mai maiƙo da nama da yawa, irin tsire, soyayyen naman Sallah, ko shinkafa da ta sha mai, yana jinkirta narkewa. Awa biyu suga lafiya lau, awa huɗu ko biyar ya tashi. Motsa jiki kuma akasin haka yake. Idan zai buga ƙwallo ko zai je gona cikin awa biyu zuwa uku bayan abinci, akan rage allurar abincin da kashi ɗaya cikin huɗu har zuwa rabi, ya tafi da suga a aljihu, kuma a auna kafin barci, domin faɗuwar takan biyo dare.

Ki shafa cikinsa da cinyoyinsa ki ji ko akwai ƙulluwa ko wuri mai tauri. Yara suna son maimaita wuri ɗaya saboda ya daina zafi, kuma insulin da aka yi a irin wannan wuri ba ya shiga jini yadda ya kamata, yau ya shiga gobe ya maƙale. Wani lokaci wannan kaɗai ne sirrin 55 da 340. A riƙa zagayawa, amma ranar da aka koma sabon wuri a sa ido, don allurar za ta fi ƙarfi. Ki duba kwalba da sirinji kuma: in an rubuta U-100 a kwalba, sirinjin ma U-100 ne. Wanda ya ja insulin U-100 da sirinjin U-40 ya yi ninki biyu da rabi na abin da ya yi niyya. Mixtard da Insulatard a mirgina su a tafin hannu har su gauraya kafin a ja. Zafi yana kashe insulin, ƙanƙara ma haka. A firji a ajiye shi nesa da wurin ƙanƙara, in babu wuta a sa shi a roba mai murfi a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Kwalbar da aka buɗe kada ta wuce wata guda.

Idan suga ya sauka ƙasa da 70, ko ya fara rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani ko magana ba kan gado, a ba shi giram 15 na suga mai sauri: ƙwayar suga uku, ko cokalin shayi huɗu a ruwa, ko ƙasa da rabin kwalbar lemo kaɗan. Ba cakulan ba, ba ƙosai ba, maiƙonsu yana jinkirta su. A jira minti 15 a sake awo, in bai hau ba a maimaita. In ya hau kuma abinci da saura, ya ci yankan burodi. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe, a shafa ɗan jiƙaƙƙen suga a cikin kumatunsa, a nufi asibiti nan take. Malaminsa na aji da babban abokinsa su san wannan.

Ranar zazzaɓi kuwa, ko da ya ƙi abinci, ba a tsayar da insulin. Rashin lafiya ƙara buƙatarsa take yi. A auna duk awa biyu zuwa huɗu, ya sha ruwa da yawa, in suga ya wuce 250 a gwada kiton a fitsari, wato sinadarin da ke taruwa a jiki idan insulin ya yi ƙaranci. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ko yawan barci, alamun jini ya fara tsami ne, ba a kwana da su a gida. Duk mai maganin da ya ce a ajiye allura a sha nasa, ki rufe masa ƙofa. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, yara masu wannan ciwo ba sa daɗewa, kuma har yau ba a samu abin da ya maye gurbinsa ba.

Kafin ku koma asibiti, ki samu littafi ki rubuta na mako biyu: lokaci, awon suga, abin da ya ci da giram ɗinsa, yunit nawa, da abin da ya yi a ranar. Ki nemi a haɗa ku da likitan ciwon suga da masanin abinci, akwai su a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya. A yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Ki bar yaron ya riƙe biro da sikelin da kansa, shekara 16 ta isa, kuma nan gaba kaɗan makaranta za ta raba ku.

Maganar azumi, a yadda yake yanzu shawarata a matsayin likita ita ce kada ya yi bana. Mai nau'i na ɗaya da sugansa ke kaiwa 55 yana cikin rukunin masu haɗari sosai, kuma Mixtard na asuba ba tare da abincin rana ba hanya ce ta faɗuwa da la'asar. Rangwamen da aka yi wa marar lafiya yana nan a Suratul Baƙara. Ki kai shi wurin malamin da yake ganin girmansa ya ji daga bakinsa, domin a shekarunsa kunyar abokai ce ta fi damunsa, kuma abin da nake gudu shi ne ya ɗauki azumin a ɓoye ya tsallake allura. Idan an sauya masa tsari, suga ya zauna na wasu watanni, ana iya sake duba maganar baɗi in Allah ya kai mu, mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama. Ko a lokacin da sharaɗi ne: zai riƙa awo da rana, kuma zai karya nan take idan ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ko da saura minti goma a sha ruwa.